Labarin Zuciya a Fuskar Aro

Fuskar aro ta farko da na taɓa sawa ta auduga ce. Ina ɗan shekara tara, azumi ya kai goma, yaran unguwarmu a cikin birnin Kano suka ce ni zan yi tsoho a tashen shekarar. Aka liƙa mini gemu da ƙaro, aka cusa mini tsummokara a gadon baya suka zama doro, aka miƙo mini sanda. Da muka zagayo gidanmu, Inna tana tsakar gida tana kwashe kwanukan buɗa-baki. Tun daga ƙafa ta gane ni, amma sai ta ce, "Maraba da Baba tsoho." Dama can ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. A daren nan na dubi ƙanin mahaifina ido cikin ido na ce masa, "Kai yaro, miƙo sadaka." Gida ya kwashe da dariya, shi kuma ya laluba aljihu. Ba don gemun auduga ba, da ranƙwashi na sha.

Ban sake tuna wannan dare ba sai bayan shekara ashirin, a wani ɗan tsukun ɗaki a Manchesta. Na sauka Ingila a watan Satumba na 2007, shi ma cikin azumi, don digiri na biyu a fannin akanta. Ba ni na zaɓi fannin ba. Baba ne ya zaɓa, shi ne kuma ya sayar da filinsa ya biya, don haka babu bakin magana. Takardar izinin ɗalibai ta yarda da aikin awa 20 a mako, sai na samu wani gidan cin abinci ina kai faranti teburi ina kwashewa. A gidan hayar da nake, ɗakin da ke jikin nawa na wani mutumin Damagaram ne da ya girme ni da 'yan shekaru, yana binciken digirin digirgir a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ina ce masa Yaya, yana ce mini Bakano, kuma ba ya gajiya da tuna mini yaƙin da kakanninsa suka kawo mana zamanin Sarki Alu.

A shekarar ne surutun Second Life ya kai ƙololuwa. Wani kamfani mai suna Linden Lab a birnin San Faransisko, wanda Philip Rosedale ya kafa, shi ya buɗe ta a 2003. Duniya ce a cikin kwamfuta, amma ba irin wasan da ake ci ko a faɗi ba. Babu dodon da za ka kashe, babu matakin da za ka haye. Fili ne kawai, da teku, da mutane, kowa sanye da jikin da ya ƙera wa kansa. Tana da kuɗinta, dalar Linden, wadda a lokacin dalar Amurka ɗaya ke sayen sama da 250. A 2006 mujallar BusinessWeek ta sa hoton wata mai dillancin filayen cikinta, Anshe Chung, a bangonta, kafin ƙarshen shekarar kuma aka ce dukiyarta ta can ta kai dala miliyan ɗaya ta gaske. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ajiye wakili a ciki. A 2007 ƙasar Suwidin ta buɗe ofishin jakadanci. Ni kuwa abin da ya kai ni bai kai wannan girma ba: in na taso aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare, barci ba ya zuwa, sanyi ya hana fita, ga intanet mai gudu irin wanda ban taɓa gani ba a shagunan da muke kwana layi a Kano.

Jikin nan da ake ƙerawa shi ake kira abata. Kalmar daga Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, inda take nufin saukowar abin bautarsu cikin wata sura a doron ƙasa, marubuci Neal Stephenson kuma ya yaɗa ta da wannan sabuwar ma'ana a wani ƙagaggen labarinsa na 1992. Ni dai jikin aro nake ce masa. Ana ba ka wasu ma'aunai da kake ja daga 0 zuwa 100: tsayi, faɗin kafaɗa, tsinin hanci, kaurin leɓe. Sunan farko kai za ka rubuta, na biyu kuwa a wancan lokacin sai dai ka tsinta daga jerin da kamfanin ya tanada. Na kwana ina ja ina saki. Da gari ya waye, wanda ke tsaye a gabana dogon Bature ne mai ruwan tokar ido, da suna irin na mutanen Sikotilan. Ba zan faɗi sunan ba, har yau kunyarsa nake ji.

Na ba wa kaina hujja, kuma hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. A shekarun nan, ka ce daga Najeriya kake a intanet, kafin ka rufe baki an tuna da wasiƙun 'yan damfara, an ambaci 419, lambar sashen dokar laifuffuka da ta zame mana tambari a goshi. Ga kuma fata: kyawawan fatun da ake sayarwa a shagunan can kusan duk farare ne, baƙar fata mai kyau sai an sha yawo. Na ce da kaina ba na son a yanke mini hukunci kafin in yi magana. Abin da ban tsaya na kalla ba shi ne, don gudun kada a ɗauke ni mayaudari, na fara da yaudara.

Sai dai in faɗi gaskiya, jikin ya yi mini rana. Ni da ba na iya ɗaga ido a aji, sai ga ni ina tsoma baki a muhawarar mutanen da ban sani ba, ina musu, ina barkwanci. Akwai abin dariya ma: wani lokaci in na'ura ta kasa ɗauko surarka, sai ka bayyana a jikin wata mace da aka ajiye a matsayin sura ta asali, wadda mazauna can suke kira Ruth. Sau biyu dogon Baturena yana shiga taro a haka, na kuma daure na ci gaba da magana. Daga baya na karanta cewa a shekarar ta 2007 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stanford, Nick Yee da Jeremy Bailenson, sun gwada wannan abu. Suka sa wa mutane tabaran duniyar kwamfuta, wasu aka ba su dogon jiki, wasu gajere, aka ce su yi cinikin raba kuɗi. Masu dogon jiki suka fi neman kaso mai tsoka, suka kuma fi ƙin yarda a cuce su. Ban yi mamaki ba. Wata guda da fara shiga, na tsaya gaban mai gidan abincinmu na ce masa awa uku sun ɓace a lissafin albashina, ban sunkuyar da kai ba, ya kuma biya. Wanda ya yi maganar nan, rabinsa ɗan Kano ne, rabinsa mutumin da na ƙera.

Wani dare Yaya ya shigo aron sukari ya tarar da ni. Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya ce, "Bakano, wannan annasaran fa?"

Na ce, "Wasa ne kawai, Yaya. Ba ni ba ne."

Ya ja kujera ya zauna, sukari ya bi ruwa. Su a Nijar, tsarin karatun Faransa suka gada, ana koyar da falsafa a ajin ƙarshe na sakandare, don haka tun yana saurayi ya sha Jean-Paul Sartre. Ya ba ni labarin wani misali da ke cikin babban littafin Sartre na 1943, L'Être et le Néant, wato kasancewa da rashi. Sartre yana zaune a gidan shan gahawa a Faris yana kallon mai kai wa mutane abin sha. Ya lura saurinsa ya ɗan yi yawa, rusunawarsa ta ɗan wuce kima, yadda yake riƙe tire kamar mai rawa a kan igiya. Sai ya ce mutumin nan kwaikwayon ma'aikaci yake yi, yana so ya shawo kan kansa cewa shi ma'aikaci ne kamar yadda tebur yake tebur, abin da ba shi da zaɓi. Wannan shi Sartre ya kira yaudarar kai. A falsafar wanzuwa, in ji Yaya, mutum ba ya zuwa duniya da hatimin ko shi wane ne. Yana fara wanzuwa ne tukuna, sannan ayyukansa su gina shi, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Sartre ya yi wa jama'a bayanin wannan a wata lacca a Faris a watan Oktoba na 1945, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, zauren ya cika har ana ture-ture.

Na ce, "To ai ka gama magana. A gidan abinci nake kwaikwayo, a nan ma kwaikwayo nake. Na gaskiyar yana Kano."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Nan ne fa ka faɗa ramin. Wa ya ce maka akwai wani kai da ka bari a Kano cikin adaka, an sa masa kwaɗo? Wanda ke danna maɓallan nan, aljani ne?"

Mun kai asuba muna musu, kuma har yau ban sallama masa duka ba. Na ce masa mu an raine mu a kan hali zanen dutse, Sartre kuma yana so ya ce dutsen allo ne, kullum ana wankewa a sake rubutu. Na ce ni Musulmi ne, ban yarda na faɗo duniya babu Mai aiko ni ba. Sannan akwai abin da ya fi ci mini rai: Sartre yana zaune ne ana kawo masa gahawa, bai taɓa ɗaukar tiren ba. Ni na ɗauka. Mai kai abinci ya fi kowa sanin cewa murmushinsa na aiki ne. Yana sa shi kamar yadda yake ɗaura ƙyallen gaba, ya cire in an tashi, kuma ba kansa yake yaudara ba, haya yake nema. Haka kunya. Inna da ba ta kama sunana ba ƙaryar rashin ɗa take yi ba, kowa ya san irin son da ke ƙarƙashin wannan shirun. Bahaushe yana da sunan yanka, da laƙabin gida, da wanda abokai suka liƙa masa, da Abban wane in ya haihu, kuma bai taɓa jin ya rabu huɗu ba. In duk abin da aka gada aka sa a jiki yaudarar kai ne, to babu mai gaskiya sai tsirara.

Yaya ya ce duk ya ji. Amma ya ce in riƙe abu ɗaya: kalmar da na fara faɗa masa, "ba ni ba ne". Ya ce ita zan sa wa ido.

A cikin watan Nuwamba na haɗu da wata mata. Tana da ɗan fili mai murabba'in mita 512, irin ƙaramin da masu biyan kuɗin wata suke samu a lokacin, ta yi lambu da ɗan tafki da kujeru biyu na katako. Jikin aronta na wata matashiya ce mai gajeren gashi, ba ta zama wuri ɗaya, kullum tana zagaya shukokinta. Ba a yi mako biyu ba ta gaya mini cewa ita tsohuwar malamar firamare ce a Amurka, ta haura sittin, kuma ciwon jijiyoyi ya ɗora ta a keken guragu shekaru da dama. Ta ce ba ta ƙera matashiyar nan don ta ɓoye ba. Ta ce a nan ne kawai mutane suke fara jin maganarta kafin su ga keken, kuma duk wanda ya zauna a kujerarta sau uku tana gaya masa. Ta ce tafiyar da take yi a lambun ta fi kama da yadda take jin kanta a ciki fiye da abin da madubi yake nuna mata.

Ni ma na buɗe mata ciki, irin buɗewar da ban taɓa yi wa kowa ba. Na gaya mata na faɗi jarrabawar gwaji ta farko. Na gaya mata na tsani lissafin kuɗi, tarihi nake so tun ina sakandare. Na gaya mata mahaifina ya sayar da abin da ya tanada don tsufansa, kuma in na tuna haka numfashina yakan tsaya a tsakiyar titi. Duk wannan gaskiya ne tsantsa. Abin da na rage kawai shi ne sunana, da garinmu, da launin fatata, da addinina. Takan yi mini nasiha irin ta malaman firamare, a taƙaice, babu zagaye. Ita ce ta matsa mini in je in ga malamin da ke kula da karatuna maimakon in yi ta ɓuya, shawarar da ta cece ni daga kora.

A daidai wannan lokaci, duk ranar Lahadi nakan sayi katin waya na fam 5 in kira gida. Da muryata, da sunana na yanka, da harshen da na sha a nono.

"Yaya karatu?" in ji Baba.

"Alhamdu lillahi, Baba, lafiya lau. Komai yana tafiya daidai."

"Babu wata matsala dai?"

"Babu ko ɗaya."

Sai ya sa mini albarka, a miƙa wa Inna, ita ma in shirga mata irin tata. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tawa zuciyar a lokacin, fuskar Bature ce take ba da labarinta, fuskar da Allah ya ba ni kuma tana can tana rufa mata asiri. Na sha tambayar kaina a cikin biyun wanne ne maƙaryacin, ban kuma taɓa samun amsar da ta bar ni na yi barci ba.

Da aikin hajjin shekarar ya gabato, a watan Disamba, shafin IslamOnline ya gina wani tsibiri a Second Life don koya wa mutane yadda ake aikin: ga Ka'aba, ga Safa da Marwa, ga Mina da Arfa. A bakin shiga ana ba jikin aronka harami. Na je, na tuɓe wa Baturena kwat ɗinsa na ɗaura masa farare biyu, muka shiga ɗawafi cikin wasu surori daga ko'ina. Kowa ya san darasi ne, ba ibada ba. Duk da haka jikina ya yi sanyi. Harami tufa ce da aka yi don ta shafe bambanci, sarki da talaka su zama ɗaya, ni kuwa na sa ta a kan wata rigar da na ɗinka musamman don a fifita ni. Wani ya matso ya rubuto mini sallama, na amsa cikakkiya har da wa barakatuhu. Ya yi murna, ya tambaya ko sabon shiga Musulunci ne ni, daga ina kuma? Na rubuta, "Ingila." Ba ƙarya na yi ba, a Ingila nake zaune. Ya yi ta yi mini addu'ar Allah ya tabbatar da dugadugaina, ni da na sauke Alƙur'ani ina ɗan shekara goma sha huɗu. Tun a Islamiyya an koya mana sunan yin abu don idon mutane, riya, an kuma koya mana kishiyarsa, ikhlasi. Ban buƙaci wani Bafaranshe ya fassara mini abin da na ji a daren nan ba.

Da na ba Yaya labari bai yi dariya ba. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko mini wani ɗan littafi da ya sha hannu, na Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik, wanda ya fito a 1952. Sunan littafin kansa ya ishe ni: baƙar fata, fararen fuskokin aro. Faransancina bai taka kara ya karya ba, sai Yaya ya riƙa karantawa yana juya mini. Fanon ya ɗauki tunanin Sartre a kan yadda kallon wani yake daskarar da mutum ya mai da shi abu, ya ce wa Sartre bai san rabin zancen ba, domin baƙar fata a ƙasar Turawa ana gama yanke masa ko shi wane ne tun daga nesa, kafin ya buɗe baki. Na ji daɗin wannan, don ya ba ni gaskiya a kan dalilina. Amma bai ba ni mafaka ba, domin duk littafin kuka ne a kan mutumin da ya karɓi hukuncin da aka yi masa har ya shiga goge kansa da hannunsa.

Abin da ya tona ni murya ce. Tun watan Agusta na 2007 kamfanin ya sa hanyar magana da baki, mazauna kuma suka rabu biyu a kanta. Wasu suna ganin duniyar can rayuwa ce mai zaman kanta, kada a shigo mata da komai na waje. Wasu suna ganin ƙari ce kawai a kan rayuwar da ake ciki, kamar tarho. Masu jikin mace da muryar gardi, da masu in'ina, da kurame, da irina masu harshen da ke nuna garinsu, duk muka lafe a ɓangaren farko muna kawo hujjoji na falsafa. Wajen watan Maris na 2008 malamar nan ta ce mini yatsunta sun fara gaza mata, rubutu yana yi mata wuya, ko za mu koma magana da baki? Ta ce ba dole.

Na ce mata ranar Asabar, in sha Allahu. Wato na rubuta "ranar Asabar", in sha Allahun a zuci na faɗe shi.

Na sayi abin magana na kunne. Na yi ta gwaji a ɗaki ina lanƙwasa harshe, ina jin yadda "p" take fito mini "f" duk iya ƙoƙarina. Na tsara yadda zan ce mata: sunana wane, daga Kano nake, baƙi ne ni, Musulmi. Jimla ɗaya ce, ba ta kai numfashi biyu ba. Matar da ta gaya mini kekenta a mako na biyu, me za ta yi da wannan in ban da ta ce to, sannu? Amma wata biyar sun riga sun taru a kan jimlar, kowane dare ya ƙara mata nauyi. Yanzu ba launina nake tsoron ta sani ba, tsoron nake ta san na zauna a kujerarta sau ɗari ban faɗa ba.

Ranar Asabar na dawo daga aiki, na kunna kwamfuta, na kai hannu kan tambarin, na janye. Na ce gobe. Gobe ta zama mako. Daga nan sai na goge manhajar gaba ɗaya, na ce da kaina jarrabawa ta matso, kuma dai ai wasa ne, wani zane ne ya yi wa wani zane alkawari. Ba ni ba ne. Sai da na faɗe ta a raina sannan na ji muryar Yaya.

Shekaru bayan haka, na riga na dawo gida ina koyarwa, na ci karo da labarin Søren Kierkegaard, mutumin Denmak da ake ɗauka kakan falsafar wanzuwa, wanda kuma shi mai imani ne. Yawancin manyan littattafansa na farko da sunayen aro ya fitar da su, kowane suna da halinsa da ra'ayinsa, har wani yakan soki wani. Mutanen garinsu da dama sun san ko wane ne a bayan labulen, kamar dai tashe. A 1846 kuma, a ƙarshen wani littafi, ya sa hannu da sunansa na gaskiya ya ce shi ne ya rubuta su duka. Bai ce ra'ayinsu nasa ne ba, ya ma roƙi a riƙa jingina kowace magana ga sunan da ya faɗe ta, amma ya yarda alhakin fitar da su a wuyansa yake. A nan na ga bambancin gemuna na auduga da Baturena. Tsohon tashe, in ya taka wa wani ƙwarya ya fasa, an san gidan da za a je. Malamar nan ma ta bar ƙofa a buɗe tsakanin matashiyarta da kekenta, mai so ya leƙa. Ni na gina nawa ne babu ƙofa, don in abu ya yi nauyi in sulale in bar shi tsaye shi kaɗai. Alkawari kaya ne, na kuwa ɗora wa wanda ba shi da wuya.

Baba ya rasu ban taɓa gaya masa na faɗi jarrabawar nan ba. Wannan ban sa shi a layi ɗaya da abin da na yi wa malamar nan ba, ko da Sartre zai sa. Akwai shirun da ake yi don a sauƙaƙa wa tsoho, ko da yake in na matsa wa kaina, na san har da sauƙaƙa wa kaina a ciki.

Duniyar jikin aro kuwa ba ta tsaya jirana ba. Facebook ya sayi kamfanin tabarau na Oculus a 2014 a kan kusan dala biliyan 2, a watan Oktoba na 2021 kuma ya sauya wa uwar kamfaninsa suna zuwa Meta. Yanzu ba a allo kake kallon jikin ba, ciki kake shiga: ka ɗaga hannu ya ɗaga, ka juya kai ya juya. Wani ɗalibina ya taɓa sa mini irin tabaran ya kai ni wata duniyar jikin aro mai suna VRChat, inda na ga abin da ya ba ni dariya da tausayi lokaci guda, mutane cincirindo a gaban madubi, sun yi shiru suna kallon surar da suka ara, kamar masu jiran ta gaya musu wani abu. Can kuma da baki ake magana tun daga farko. Na yi sallama da Hausa don tsokana, wani mai jikin kyanwa ya tambaye ni wane harshe ne wannan, na gaya masa, ya ce yana da daɗin ji. Shi ke nan abin da ya faru.

A 2023 na ji ana bikin cikar Second Life shekara 20, na yi mamakin ashe tana nan. Wani dare bayan yara sun kwanta na tono tsohon adireshin imel, na sha fama da kalmar sirri, na shiga. Sai ga shi ya bayyana a hankali, dogo, da kwat ɗinsa ta 2008, fatarsa ta zama tsohon yayi kusa da sababbin jikunan da ake yi yanzu. Bai tsufa da kwana ɗaya ba, ni kuwa furfura ta fara cin gemuna na gaske. Na nemi lambun. Wurin yana nan, amma wani ya gina shagon sayar da takalma a kai. Sunanta yana cikin jerin abokaina, ba ta kan layi. A cikin jakar kayana na tarar da wata 'yar takarda da ta aiko, ban taɓa buɗewa ba. Layi uku ne, da kurakuran yatsun da suka gaji. Ta ce ta jira ni ranar Asabar. Ta ce in maganar baki ce matsala a bar ta, za ta riƙa rubutawa a hankali. Ta ce kujerata tana nan.

Na buɗe akwatin saƙo na rubuta mata jimlar nan ɗaya, da sunana na yanka da na mahaifina, da Kano, da komai. Na aika. Sannan na kunna abin magana, a gaban shagon takalman da babu kowa, na yi sallama da ƙarfi.

Ashe muryar ta tashi babban ɗana. Ya fito yana murza ido, ya tsaya a bayana yana kallon allon.

"Abba, wannan Baturen wane ne?"

Na ce, "Ni ne."